Ƙusar Itacen da Na Liƙe

Shekara ashirin da shida ina aikin kafinta a gidan adana kayan tarihi. Ba gyara nake yi ba, a fahimce ni. Aikina in ƙera abin da za a ɗora kaya a kai, in haɗa akwatunan da ake zuba su idan za a kai su aro wani gari, in ɗauko wannan in mayar da wancan. Gyaran kayan kansu akwai masu shi a bene na biyu, masu fararen riguna da takardun shaida. Ni shagona yana can ƙasa, bayan ɗakin janareta. Tagarsa ɗaya ce tak, kuma ƙafafun masu wucewa kawai ake gani ta cikinta.

Gidan babba ne. Akwai kwalekwalen fata daga ƙasar ƙanƙara, akwai masaƙa daga gabas mai nisa, akwai ganguna da fuskokin itace da tukwane da takalman ciyawa, kowanne da ɗan katinsa a gaba. Baƙi katin suke karantawa. Ni mahaɗa nake dubawa. In na ga inda wani ya haɗa katako biyu tun kafin a haifi kakan kakana, ba ƙusa ba gam, kuma har yau ko allura ba ta shiga tsakani, sai in tsaya in gaishe shi a raina. In kuma aikin ganganci ne, ko daga wace duniya ya zo, aikin ganganci ne.

A ɗaki na huɗu, cikin gilashin da ke kusa da ƙofa, akwai wata 'yar kujera baƙa wulik, tsayinta bai kai gwiwa ba. Katinta ya ce kujerar zama ce ta mutanen wani tsibiri. Itacenta nauyi kamar dutse. An haɗa ta da ƙusoshin itace guda takwas, huɗu a kowane gefe. Bakwai sun zauna daram. Ta takwas tana rawa.

Shekara goma sha tara ke nan da aka ba ni ita in yi mata mazauni. Ina ɗaukarta sai ƙas-ƙas, ina ajiyewa sai ƙas-ƙas. Kwana uku tana kan teburina tana ci mini rai. Na ce wannan ƙusa wata rana za ta faɗo, mai shara ya haɗa ta da ƙura ya zubar, a zo a ce kafinta ne ya ɓatar. Kuma, gaskiya, na ji haushin wanda ya yi aikin. Mutum ya iya bakwai haka, ya zo ya yi sakaci a ta takwas? Sai na ɗora gwangwanin gam a wuta, na ɗiga mata biyu da tsinke, na danna ta, na goge bakin da tsumma. Ko masu fararen riguna ba su gane ba. Akwai fom da ake cikewa in an taɓa kaya. Ban cike ba, don a ganina ban taɓa komai ba, taimako na yi. Duk sanda na wuce ta gaban gilashin nan sai in ji daɗi a raina.

Ranar wata Laraba, saura wata bakwai in yi ritaya, Dakta ta sauko shagona. Ita ce mai kula da ɗaki na uku zuwa na shida. Yarinya ce a kaina, sa'ar 'yata ta biyu, amma tana da kirki, kuma ba ta cika magana ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa saboda ƙurar katako.

"Baba, gobe da safe a fito mini da kujerar tsibirin nan, a kai ɗakin bincike. Masu ita za su zo."

"Masu ita kuma? Ba mu ne masu ita ba?"

"A takarda dai," in ji ta. "Shekara biyu suna rubuto wasiƙa. Wata tsohuwa ce da jikarta. Gani kawai za su yi, jibi su koma."

Washegari ni na turo ta a keken kaya, gwiwoyina suna ƙara fiye da tayoyin. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na ɗora ta, na koma jikin bango na tsaya kamar yadda aka saba, don in an gama ni zan mayar.

Wajen ƙarfe goma suka shigo. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, ta tsufa tukuf, tana dogara sanda, ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi rufuwa. Jikar ta ce jirgi uku suka hau, kwana biyu a hanya. Jikar ce ke fassara, don tsohuwar ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenmu. Dakta ta miƙa musu safar hannu. Jikar ta saka. Tsohuwar ta karɓa, ta duba, ta ajiye a gefe kamar an ba ta ɓawon ayaba. Dakta ta ƙyale ta.

Tsohuwar ba ta zauna ba. Ta shafa saman abin da tafin hannu, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce a ɗaga mata shi. Na matso na ɗaga. Ta kara kunnenta, ta yi mini alama in girgiza. Na girgiza. Shiru. Ta sake yin alama, na sake girgizawa. Ta ɗago ta kalli jikarta.

Na ajiye. Ba ta yi lalube ba, kai tsaye babban yatsanta ya tafi kan ƙusa ta takwas. Ta danna. Ta sake dannawa har farcenta ya yi fari.

"Me take nema?" in ji Dakta.

"Ba kujera ba ce," in ji jikar. "Akwati ne. Kowane gida a wurinmu yana da irinsa. Ƙusa ɗaya ake bari sako-sako, ita ce mabuɗin. A tura ta ciki a murɗa, sai saman ya zame. Kaka ta ce tun daga ƙofa ake sanin akwatin gida yana lafiya, in an ɗauke shi yana ƙara."

"Akwai wani abu a ciki?"

"Igiya. Duk ɗan da aka haifa a gidan, uwarsa tana yi masa ƙulli ɗaya. Wannan na kakar Kaka ne. A shekarar da aka tafi da shi aka haifi mahaifiyar Kaka, kuma ba wanda ya san ko an riga an ƙulla ta ko ba a ƙulla ba. Har ta rasu tana tambaya. Shi Kaka ta zo gani."

Dakta ta zauna a hankali. Shekara tara tana wuce abin nan kullum da katin da ya ce kujera. Ta ɗauko tocila da gilashin ƙara girma, ta sunkuya ta duba ƙusar. Ni na san ba za ta ga komai ba. Na goge bakin da kyau.

"Itace yana kumbura in ya daɗe," ta ce. "Ga sauyin iska. Ki ba ta haƙuri, doka ba ta yarda mu yi masa ƙarfi ba. Zan rubuta wa kwamiti, su sa a ɗauki hoton cikinsa, sannan a ga yadda za a yi."

"Yaushe ke nan?"

"Kwamitin sau biyu yake zama a shekara."

Jikar ta fassara. Tsohuwar ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta faɗi magana mai ɗan tsawo.

"Ta ce itacen nan ba ya kumbura, da shi ake yin ƙasan jirgin ruwa. Ta ce wani ne ya toshe masa baki. Kuma ta ce ita ba ta da sau biyu a shekara."

Tsohuwar ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ba fuskata ta kalla ba, hannayena ta kalla. Na mayar da su baya.

Aka tashi cin abincin rana. Dakta ta kai su ɗakin shayi, ta ce za su iya dawowa su zauna da shi har ƙarfe huɗu da ake rufewa. Ni na fita bayan gida wajen ƙofar kaya, inda mai gadinmu yake zama. Kwana-zaune muke ce masa, don yana iya yin barci a kan benci idonsa rabi a buɗe, har shugaba ya wuce ya gaishe shi. Tare aka ɗauke mu aiki. Na zauna kusa da shi, na kwance ƙullin burodin da mai ɗakina ta sa mini, na kasa ci.

"Guduma, yau kuma wa ya mutu?" in ji shi, don haka yake kira na.

Na gaya masa. Duka.

Ya buɗe ɗaya idon. "Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"Wa ya sani?"

"Ni. Yanzu da kai."

"Ni barci nake yi, ban ji komai ba. Miƙo burodin nan tunda ba ka so." Ya gutsura. "Wata nawa ya rage maka?"

"Bakwai."

"To ka zauna a kan hannunka wata bakwai. Ka karɓi takardar yabo da agogon bango, mu yi hoto, ka tafi gida ka dami matarka. Kai da ko ƙofar banɗakin mutane ka gani tana rawa sai ka ɗaure ta. Ban hana ka ba tun muna da gashi?"

"Tsohuwar gobe za ta tafi."

"Za su buɗe mata ai. Masu fararen riguna."

"Da me? Ba su san abin da ke ciki ba. Za su zata kumburi ne, su sa shi a na'urar busarwa ya tsage. Ko su huda."

"To ina ruwanka? Kakarka ce?"

Ya gama burodin, ya karkaɗe rigarsa, ya jingina da bango.

"Na san ka," ya ce, idonsa a rufe. "Ba tausayin tsohuwa ne ke cin ka ba. An ce maka mai aikin bai yi kuskure ba, kai ka yi. Shi ne ya tsaya maka a wuya."

Na tashi na bar shi. Mutum yana barci yana faɗin abin da ba a tambaye shi ba.

Na sauka shago. Gwangwanin yana nan a kan kanta, shi ne dai na wancan lokacin, baƙi ƙirin da tsufa. Gam ɗin fata ne, irin wanda ake dafawa. Ban taɓa yarda da na roban nan na zamani ba. Gam ɗin fata yana riƙe abu shekara ɗari, amma in ya ji ɗumi da laima sai ya saki, kamar bai taɓa riƙewa ba. Duk gidan nan, in ban da Kwana-zaune, ni kaɗai na san abin da ke cikin ramin nan, ni kaɗai kuma na san ɗigo biyu ne, ta gefen sama. Na tuna fayil ɗina da ke ofis, shekara ashirin da shida ko takardar gargaɗi ɗaya babu. Sannan na ɗauki butar lantarki da ɗan siririn tiyo da sirinji da auduga, na hau bene. Matakala arba'in da biyu ce, ranar sai da na huta sau biyu.

Na same su sun dawo. Tsohuwar tana zaune, hannunta ɗaya a kan akwatin. Dakta ta kalli butar, ta kalle ni.

"Baba, wannan fa?"

"Ranki ya daɗe, ba kumburi ba ne. Gam ne. Ni na sa."

"Kai ka sa."

"Shekara goma sha tara. Tana rawa, na ɗauka lalacewa ce."

"Ka cike fom?"

"Ban cike ba."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabaranta, ta murza idanunta da yatsu biyu.

"Ka san dole in rubuta."

"Rubuta."

"Ka san abin da zai biyo baya."

"Na sani. Amma zan iya cire shi kafin ƙarfe huɗu, ba tare da ko ƙwarzane ba. In kin bar ni."

"In na bar ka, ni ma sai an rubuta ni."

Jikar tana ta fassarawa ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta gyaɗa kai, ta nuna hannayena da haɓa, ta faɗi kalma biyu.

"Ta ce ta sani."

Dakta ta kalli agogo. Ɗaya da rabi ta wuce. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta ɗauko littafinta da biro, ta ja kujera kusa.

"Duk abin da ka yi ka faɗa mini kafin ka yi, in rubuta. A hankali, Baba, don Allah."

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Na kewaye ƙusar da auduga don kada laima ta taɓa sauran itacen. Na dafa ruwa, na bar shi ya huce har ya zama yatsa na iya jurewa. In ɗiga ɗigo ɗaya da sirinji a bakin ramin, in jira, in kawo tururi kaɗan ta tiyo, in janye, in goge. Haka, haka. Bayana ya riƙe, gumi yana shiga mini ido. Tsohuwar ta matso da kujerarta har numfashinta yana taɓa mini hannu. Can ta yi magana, jikar ta yi murmushi.

"Ta ce mijinta ma haka yake. Ya taɓa gyara mata murfin tukunya har ya daina buɗuwa."

"Ki ce mata Allah ya ji ƙansa."

"Yana nan da ransa. Ta ce shi ya sa ta baro shi a gida."

Ko Dakta sai da ta yi dariya.

Uku saura kwata warin gam ya taso, warin da na sani kamar warin jikina. Uku da minti ashirin ƙusar ta motsa, kamar haƙorin yaro. Na sa yatsu biyu zan jawo ta waje. Tsohuwar ta kai mini duka a bayan hannu, tas, har sirinjin ya faɗi.

"Ba ja ake yi ba," in ji jikar. "Turawa."

"Yi haƙuri, Iya," na ce, na ja da baya.

Ta sa babban yatsanta ta tura, ta murɗa hagu. Wani abu ya yi ƙwas a ciki. Saman ya zame gefe, sumul, kamar jiya aka shafa masa mai. Na leƙa mahaɗar. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma ni ne na ce mai shi ya yi sakaci.

Igiyar tana naɗe a ciki, siririya, launin ƙasa. Tsohuwar ta ɗauko ta da hannu biyu, ta rufe ido, ta fara bin ƙullin da yatsa tana kiran sunaye. Kowane ƙulli da sunansa. Jikar ta daina fassara. Na ƙirga da ita a raina, goma sha ɗaya. Yatsanta ya wuce na sha ɗaya, ya bi sauran igiyar har ƙarshe. Ba komai. Ta dawo ta sake bi daga farko. Goma sha ɗaya.

"Mahaifiyarta ce ta sha biyu," in ji jikar. "Ba a ƙulla ta ba."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta zauna da igiyar a cinya, tana kallon bango, kamar wadda ta sauke kaya bayan doguwar tafiya ta tarar ba nan ne gidan ba. Sannan ta kama wutsiyar igiyar, ta fara ƙullawa.

Dakta ta ɗaga biro. Na ga bakinta ya motsa. Sai ta tashi ta tafi taga, ta tsaya tana kallon motoci a titi. Tsohuwar ta ƙulla ɗaya ta kira suna. Ta ƙulla na biyu ta dafa ƙirjinta. Ta ci gaba har igiyar ta kusa ƙarewa, na ƙarshe ta kama hannun jikarta ta ɗora a kai. Sai da ta mayar da igiyar ta ja saman ya rufe, sannan Dakta ta juyo.

"Wannan ma sai na rubuta," ta ce, ba da kowa take ba.

Na goge sauran gam ɗin da ke jikin ƙusar har ta fita tas. Tsohuwar ta sa na ɗaga akwatin na girgiza. Ƙas-ƙas. Ta gyaɗa kai. Da za su fita ta tsaya a gabana, kanta bai wuce ƙirjina ba, ta yi magana.

"Ta ce hannunka yana da kyau," in ji jikar. "Ta ce bakinka ne ba ya tambaya."

Bayan mako uku takarda ta zo. Ba su kore ni ba. Sun karɓi makullin sito da na gilasai, sun ce daga yau ba ni ba taɓa kayan tarihi, akwatunan aro kawai zan riƙa haɗawa har lokacina ya cika. Takardar yabo babu. Dakta ma an ba ta tata takardar, ba ta gaya mini abin da ke ciki ba, ni ma ban tambaya ba. Kwana-zaune ya ce agogon bangon ma ba ya aiki, wanda aka ba direba bara kwana tara ya yi. Mai ɗakina ta ce da ma ta gaji da jin labarin fayil ɗin nan, ta miƙo mini man zafi in shafa a gwiwa.

Akwatin yana nan a ɗaki na huɗu. Maganar mayar musu da shi tana gaban kwamiti. An dai sauya katin.

Jiya masu fararen riguna suka sauko da shi za su ɗauki hotonsa, suka bi da keken ta gaban shagona. Tun daga kwanar janareta nake jin sa, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, har suka shige. Har yanzu ƙarar nan tana taɓa mini haƙori. Na ci gaba da yankan katakona.